Faɗakar da 'Yan'uwa a Kan Lissafin Wiliyam Mila da Masu Yanka wa Ƙarshen Duniya Rana

Na fara da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya keɓanta da sanin Sa'a, Ya ɓoye lokacinta ga halittunSa na sama da na ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da 'yan'uwansa annabawa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, wannan 'yar takarda ce na rubuta domin auna littafin wani mai wa'azin Nasara na ƙasar Amurka, sunansa Wiliyam Mila. An buga littafin a shekara ta 1836 ta Miladiyya, a cikinsa ya tara hujjojinsa na cewa Almasihu zai komo duniya wajen shekara ta 1843. Na zaɓe shi cikin masu irin wannan da'awa domin ya fi su tsarin hujja, kuma waɗanda suka zo bayansa a kan sawunsa suka taka. Na ɗora wa kaina sharaɗi guda: zan auna maganarsa da littafin da shi kansa ya yarda da shi, wato Baibul, domin hujja ba ta kama mutum sai da abin da ya sallama. Na kasa maganar fasali huɗu, da tanbihi, da cikawa.

Fasali na farko, cikin labarin mutumin.

An haifi Mila a 1782, ya tashi manomi a ƙauyen Lo Hamtan cikin jihar Niyok. A ƙuruciyarsa ya bi ra'ayin masu cewa Allah Ya halicci duniya amma bai aiko wahayi ba. Ya yi soja a yaƙin Amurka da Ingila wanda aka fara a 1812, har ya kai muƙamin kyaftin. A 1816 ya koma addinin iyayensa, ya shiga karatun Baibul daga farko, aya bayan aya. Ya ajiye sharhohin malamansu gefe guda, bai riƙe komai ba sai fassarar Ingilishi da wani fihirisi mai nuna inda kowace kalma ta zo. Bayan shekara biyu, a 1818, ya yanke a ransa cewa abin da ya rage wa duniya bai wuce shekara 25 ba. Ya riƙe abin a cikinsa har 1831, sa'an nan ya fara wa'azi a fili. Daga 1840 wani fasto na birnin Bostan, Joshuwa Haims, ya ɗauki al'amarin ya watsa shi da jaridu da taruka cikin manyan tantuna, har mabiyansa suka kai dubu 50 ko fiye.

Da aka matsa masa ya bayyana lokaci, sai ya ce tsakanin 21 ga Maris 1843 da 21 ga Maris 1844. Wa'adin ya cika, ba abin da ya auku. Sai wani almajiri, Samuwel Sino, ya tashi a wani taro cikin Agusta 1844 ya ce ranar ita ce 22 ga Oktoba, domin ta dace da ranar goma ga watan bakwai na Yahudawa, ranar kaffararsu. Mila ya yi jinkiri, amma a farkon Oktoba ya karɓa. Waɗansu suka bar amfanin gona ba girbi, waɗansu suka rufe shagunansu, suka raba dukiya. Suka kwana suna duban sama har gari ya waye. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Fasali na biyu, cikin surar lissafinsa.

Ka sani ginshiƙin littafin aya ɗaya ce, ta 14 cikin sura ta 8 ta littafin Daniyel, inda aka ambaci adadi 2300, aka ce bayansu za a tsarkake wuri mai tsarki. A kan wannan aya ya ɗora mukaddima huɗu. Ta farko, kowace rana cikin annabci shekara ce, saboda haka shekara 2300 ake nufi. Ta biyu, makonni 70 da aka ambata a sura ta 9, wato shekara 490 a ƙirgarsa, yanki ne daga cikin 2300, mafarinsu ɗaya. Ta uku, mafarin shi ne shekara ta 457 kafin Miladiyya, sa'ad da Artashate sarkin Farisa ya ba Ezra izini ya tafi Baitul Muƙaddas. Ta huɗu, wuri mai tsarki shi ne doron ƙasa, tsarkake shi kuwa da wuta ne ranar zuwan Almasihu. Idan ka ɗebe 457 daga 490 saura 33, shekarar da Nasara da yawa suke sanya ƙarshen al'amarin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Idan ka ɗebe 457 daga 2300 saura 1843.

Na ce: ɗebewar daidai take, yaron da ya iya hisabi ba zai sami aibi a cikinta ba. A nan fitinar take, domin mai sauraro yana duba lambobi ya ga sun fita, sai ya ba mukaddimomin yaƙinin da hisabi kaɗai ya cancanta. Alhali kowane almajirin manɗiƙi ya san natija tana bin mafi raunin mukaddima. Idan ɗaya ta zama zato, natija zato ce. To ina ga huɗu?

Fasali na uku, cikin illolin wannan lissafi, su biyar ne.

Illa ta farko, kalmar rana ba ta cikin ayar. Asalin Ibrananci ya ambaci maraice da safiya 2300 ne, fassarar Ingilishi ta 1611 ita ta sanya kwanaki. Maganar surar kuwa a kan yankan baiko ne wanda ake yi a haikali kullum, ɗaya da safe ɗaya da maraice. Saboda haka masana da yawa na Nasara da Yahudawa suka ce adadin yanka ake ƙirgawa, biyu a wuni, wato kwana 1150, shekara uku da kusan wata biyu. Waɗansu suka ce kwana 2300 ne cikakku, shekara shida da 'yan watanni. Ko wanne ka ɗauka, ba ƙarni 23 ba ne. Ka dubi aibin wanda ya gina hukunci a kan lafazin tarjama, ya bar lafazin asali.

Illa ta biyu, ƙa'idar rana da shekara. Ya kafa ta da wurare biyu. Na farko a Littafin Ƙidaya, sura ta 14, inda aka hukunta wa Bani Isra'ila shekara 40 cikin jeji gwargwadon kwana 40 da 'yan leƙen asirinsu suka yi. Na biyu a littafin Ezekiyel, sura ta 4, inda aka umurce shi ya kwanta a gefensa kwanaki gwargwadon shekarun laifin mutanensa. Na ce: a wuraren nan biyu nassi ne ya faɗi musayar da bakinsa, a ayar Daniyel kuwa bai faɗa ba. Abin da ya zo keɓantacce ba a mai da shi gamamme sai da dalili. Da ƙa'idar ta game, da kwana 40 na gargaɗin Annabi Yunusa ga mutanen Ninawa sun zama shekara 40, da shekara 70 da Irmiya ya faɗa na zaman Babila sun zama dubbai. Ba wanda ya ce haka, har shi Mila. Ashe ƙa'ida ce wadda ake ɗaukowa inda ake bukatarta, a ajiye inda za ta ɓata lissafi.

Illa ta uku, surar ta fassara kanta, ya bar fassararta. A cikinta an ga rago mai ƙaho biyu da bunsuru mai babban ƙaho guda. Aka ce wa Daniyel ragon sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun sarkin Yunan ne, ƙahonsa zai karye, huɗu su fito a madadinsa. Daga ɗayan huɗun wani ƙaramin ƙaho zai tsiro, ya hana yankan kullum, ya wulaƙanta haikali. Tarihi ya san wannan. Iskandari Bayunane ya mutu a 323 kafin Miladiyya, hafsoshinsa suka raba mulkinsa. Daga gidan da ya mulki Sham aka sami Antiyokus na huɗu, wanda a 167 ya hana ibadar Yahudawa, ya kafa bagadin gunki a haikalinsu. A 164 Yahuza Makabi ya ƙwato haikalin, aka tsarkake shi, har yau Yahudawa suna idi na kwana takwas domin tunawa. Tsakanin ɓatawa da tsarkakewa shekara uku ce, kusa da kwana 1150 ko da bai dace cif ba. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ga Antiyokus ya mai da wannan annabci. Mila kuwa ya ce ƙaramin ƙahon daular Rum ce, alhali Rum ba ta tsiro daga ɗayan masarautun magadan Iskandari ba. Kuma wuri mai tsarki a harshen littafin haikali ne mai bango da bagadi. Mai da shi doron ƙasa tawili ne wanda ba ƙarina tare da shi.

Illa ta huɗu, mafarin ƙirgar zaɓaɓɓe ne. Sura ta 8 ba ta faɗi inda za a fara ba. Daga sura ta 9 ya aro mafarin, alhali wahayi biyu ne dabam, na farko a zamanin Belshazzar, na biyu a zamanin Dariyus. Ko an sallama masa aron, izinin sarakunan Farisa ba ɗaya ba ne. Akwai na Sairus a 538, da na Dariyus bayansa, da na Artashate ga Ezra a shekara ta bakwai ta mulkinsa, wadda masana tarihi da yawa suke sanyawa a 458, da nasa ga Nehemiya a shekara ta 20. Ya zaɓi wanda zai kai shi 33, sa'an nan ya kafa hujja da cewa ya kai 33. Wannan shi ne dauri, kewayen da malaman manɗiƙi suka hana.

Idan ka ce: ai ya zo da waɗansu hanyoyi, duka sun haɗu a 1843, kamar shekara 2520 daga 677 kafin Miladiyya, da shekara 1335 daga 508 ta Miladiyya, haɗuwarsu ba hujja ba ce? Sai in ce: haɗuwar shaidu tana amfani idan kowane ya zo daga gidansa, ba su gana ba. Waɗannan kuwa mutum ɗaya ya zaɓa musu mafari, shi ya san inda yake so su sauka. Tarihin dauloli cike yake da yaƙi da faɗuwar sarki, kowace shekara ka nema za ka sami abin rataya ƙirga. Kuma 2520 ɗin ya ciro ta daga Littafin Firistoci, sura ta 26, inda aka yi kashedin horo ninki bakwai, sai ya mai da ninki ya zama zamani.

Illa ta biyar, ita ce mafi nauyi, saɓa wa nassi bayyananne. A Linjilar Markus sura ta 13, da ta Matiyu sura ta 24, an ruwaito Almasihu yana kore sanin wannan rana da sa'a ga kowa, har mala'iku, har shi kansa. A farkon Ayyukan Manzanni ya hana almajiransa tambayar lokatai. Mabiya Mila suka amsa cewa rana da sa'a aka kore, ba shekara ba. Ba a jima ba suka yanka ranar ma. Ƙa'ida ce wadda masu hankali na kowane addini suka sani, mai rikitarwa ake mayarwa ga bayyananne. Shi kuwa ya ɗauki wahayin ƙahoni da dabbobi ya yi hukunci da shi a kan magana sarai.

Ka sani kuma ba dukan Nasara suka bi shi ba, mafi yawansu sun ƙi. Mozis Situwat, malamin Ibrananci a makarantar Andoba, ya rubuta littafi a 1842 yana rushe ƙa'idar rana da shekara. Tun kafin su da nisa Agustin, babban malaminsu na arewacin Afirka wanda ya rasu a 430, ya hori masu ƙirgar shekarun duniya da yatsu su saki yatsunsu su huta. Kada ka jingina wa jama'a duka abin da ɓangare ya yi.

Fasali na huɗu, cikin abin da aka yi bayan wayewar gari.

A nan mutane suka rabu, kuma a nan ake gane mai neman gaskiya. Mila ya fito a 1845 ya rubuta cewa ya yi kuskure a kan lokaci, bai karɓi sababbin tawilai ba, ya rasu a 1849 yana jiran Almasihu ba tare da yanka rana ba. Wannan abin yabo ne gare shi, ina faɗa a fili. Ba a san shi da tara dukiya da wa'azinsa ba. Labarin da ake yaɗawa cewa mabiyansa sun ɗinka fararen riguna na hawa sama, masu bincike sun bi shi ba su same shi da tushe ba, kada ka ruwaito shi.

Waɗansu kuwa suka ce rana daidai take, wurin aka kuskure. Wani manomi, Hairam Edsan, ya ce washegari aka buɗe masa cewa wuri mai tsarkin yana sama, a ranar 22 ga Oktoba Almasihu ya shiga ɗaki mafi tsarki a can ya fara wani aiki. A kan wannan fahimta aka kafa ɗarikar Adbantis masu kiyaye Asabar a 1863. Mabiyanta sun haura miliyan 20, sun bar yanka rana, sun shahara da makarantu da asibitoci, har a ƙasarmu suna da asibiti a Jengre. Ban hana su alherinsu ba. Amma ta fuskar hujja ina cewa, da'awar farko tana da mutunci guda, ana iya gwada ta, aka gwada ta faɗi. Ta biyu an ɗauke ta an kai inda ido ba ya kaiwa, ba mai iya gaskata ta ko ƙaryata ta. Wanda ya yi maka alkawarin ruwan sama ranar Talata, ba a yi ba, sai ya ce an yi amma a wata duniya, me ya rage na alkawarinsa?

Wannan hanya ita aka yi ta bi. Calas Rasel, wanda daga jama'arsa Shaidun Jehobah suka fito, ya karɓi ƙirga daga wani tsohon mabiyin Mila, ya ƙirga 2520 daga 606 ya sauka a 1914. Da mulkokin duniya ba su rushe ba, magadansa suka ce a shekarar Almasihu ya hau sarauta a sama a ɓoye. Ga wani abin lura. Tsakanin shekara ta 1 kafin Miladiyya da ta 1 bayanta babu shekarar sifiri, saboda haka ƙirgar da ta ƙetare wurin tana ƙaruwa da ɗaya. Mabiya Mila da suka gane haka sai suka matsar da ƙarshe daga 1843 zuwa 1844. Magadan Rasel da suka gane sai suka bar 1914 a wurinta, suka matsar da mafari daga 606 zuwa 607, alhali masana tarihi suna sanya rushewar Baitul Muƙaddas a 587 ko 586. Ka ga dalili a fili cewa natija ce take jan mukaddima. Haka kuma Harol Kamfin, mai wa'azin rediyo a Amurka, ya yanka 21 ga Mayu 2011, mutane suka kashe ajiyarsu wajen tallata ranar. Da ta wuce ya ce hukuncin ya auku a ruhance, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. A 2012 ya janye, ya ce yanka ranar laifi ne.

Tanbihi.

Kada ka karanta wannan kana dariyar maƙwabci, ya ɗan'uwa, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cutar ƙirga ta taɓa gidanmu. Imam Jalaluddin Suyuɗi, Allah Ya yi masa rahama, wanda malaman ƙasashenmu suke girmamawa, ya rubuta risalarsa Alkashfu a shekara ta 898 ta Hijira domin raddi ga masu cewa Sa'a za ta tsaya a shekara ta 1000. Ya kyauta a raddin. Amma ya ƙara da cewa wa'adin al'umma ba zai wuce 1500 ba, ya gina hakan a kan ruwayoyin da suka ce shekarun duniya 7000 ne. Ibnul Ƙayyim, wanda ya riga shi, ya riga ya hukunta a littafinsa Almanarul Munif cewa wannan ruwaya ba ta inganta ba, domin da ta inganta da kowa ya san lokacin Sa'a, alhali Alƙur'ani ya mai da saninta ga Allah Shi kaɗai, kuma Annabi da Jibrilu ya tambaye shi bai ambaci lokaci ba, alamomi ya faɗa. Mun wuce 1440, shekara ta 1500 kuwa za ta kama wajen 2076 ta Miladiyya. Duk sa'ad da ta ƙara matsowa masu allo da alƙalami za su yawaita, kowane da lambobinsa, talakawa kuwa su ne masu sayar da gona da akuya. Girman malami ba ya inganta mukaddima mai rauni.

Cikawa.

Idan mai lissafi ya zo maka, ko daga wane addini, ka tambaye shi abu huɗu. Shin lafazin da ka gina a kansa yana cikin asali ko cikin tarjama? Wa ya ba ka mafarin ƙirga, nassi ko zaɓinka? Me ka yi da nassin da ya kore sanin lokaci? Idan ranar ta wuce ba abin da ya auku, za ka ce ka yi kuskure, ko za ka ce ya auku a ɓoye? Ka nemi amsar ta huɗu a rubuce tun kafin ranar, gaban shaidu.

Hukuncina a kan littafin Mila shi ne: aikin mutum ne mai himma da kyakkyawar niyya a zahiri, wanda ya shiga fagen tawili ba harshen asali, ba malami, ya mai da zato huɗu yaƙini domin lambobi sun fita. Ana karanta shi domin wa'aztuwa, ba a riƙe shi hujja. Abin da ke kan bawa shi ne shiri, domin sa'ar kowane mutum mutuwarsa ce, ita kuwa ba ta jiran 1844 ko 1500. Manomi ya girbe gonarsa, mai bashi ya biya, almajiri ya koma ga allonsa. Allah ne Mafi sani.

 Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda ya karanta, da iyayenmu da malamanmu. Amin.